Tsumman Ƙarshe

Ladiyo ta ce tuwo zai huce.
Na ce bari ya huce,
a gidan nan mai baƙin ciki ake fara sallama.

Tun asuba nake gindin dutsen Mbula.
Harbi ɗaya. Gada ta yi tsalle
ta bar ni tsaye cikin hayaƙina,
burgami ya dawo Dass yadda ya fita.
Ita adaka ina ruwanta?
Ko ta samu ko ta kuskure,
toka ɗaya take haɗiya.

Na juya bakinta bango,
na zura sandar ɗuri, ta nutse
har inda Baba ya tsaga da wuƙa.
Babu komai a ciki. Na sake aunawa.
Shi ya ce wadda aka rantse babu ɗuri
ita ta cire wa Jibo maƙeri yatsa biyu.

Ruwan zafi daga buta,
ya shiga fari ya fito kamar na marina,
yana warin ƙwan da kaza ta guda.
Sau uku, sau huɗu,
sai da ya daina ba ni labarin albarushi.
Na tsokane ƙofar wuta da ƙayar aduwa,
na hura, iska ta amsa ta ƙasa.
Na jingine ta kusa da murhu,
don tsatsa ba ta neman izini,
dare ɗaya na damina ya ishe ta.

Man keken ɗinkin Ladiyo, ɗigo uku,
gashin zabo ya kai shi ƙarƙashin kunama.
Ta harare ni. Ranar kasuwa zan biya.

Saura tsumma.
Shekara tara ina yagar rigar sakin nan tasa,
hannu ya tafi, wuya ya bi,
gaba da baya duk sun bi ta cikin bututu.
Yau na buɗe gwangwani,
aljihu kaɗai ya rage.

Na sa yatsa ciki, ban san me nake nema ba.
Ɓarin goro, ya bushe kamar tsakuwa.

Na daɗe zaune.
Sannan na kama gefen taguwata
na yaga da haƙori.
Ladiyo ta buɗe baki, ta dubi gwangwanin,
ta rufe.
Ta ɗauki tuwon ta mayar kan wuta.