Cokalin Da Ba Nawa Ba

Ranar da likita ta ture takardar gefe
ta ce, "Nomau, wata shida awonka na zaune lafiya,
mu ajiye ƙwayar mu gani,"
sai na tsaya kamar jakin da aka sauke wa mangala,
baya ya yi sauƙi, ƙafa ba ta san inda za ta nufa ba.

Ban kai ƙofa ba ta kira ni.
"Ban ce ka warke ba, na ce mu gani.
Ciwon bai yi ƙaura ba, barci yake a zaure.
Daga yau kai ne mai gadi."

Ni kuwa sana'ata shayi.
Shekara ashirin da biyu a bakin tasha,
teburina na kallon hanyar Ɗan Isa,
gwangwanin sukari na gabana tun assalatu.
Ɗan kabu-kabu ya ce cokali uku,
direban Katsina ya ce huɗu, a cika madara.
Ina zuba musu abin da na bari,
hannuna ya san hanyar bakina,
sai in tare shi a rabi
kamar yadda jandarma ke tare mota.

Kofina baƙi ne, citta da kanumfari.
Makon farko ɗacinsa zagi ne,
yanzu mun saba, muna gaisawa.

A gida Cima ta raba malmalar tuwo biyu,
ta cike gurbin da kwaɗon zogale.
Fura ta zama baƙuwa, sai Juma'a,
ludayi biyu, ba a zaunar da ita.
Bayan la'asar nakan taka zuwa gulbi,
in ratsa lambunan salati da kabeji in dawo.
Maƙwabta sun ɗauka kekena ya lalace,
har Barmu ya aiko yaronsa da famfo.

Litinin da Alhamis, kafin in karya,
allura ta ciji yatsa, ɗigo ɗaya ja,
na'urar ta yi shiru tana tunani.
Zuwaira ke rubuta lamba
a bayan littafinta na lissafi:
ɗaya da ɗigo ɗaya, ɗaya da ɗigo biyu,
layi a miƙe kamar kunyar gyaɗa.

Sai sunan ɗan ƙanena a Bagalam.
Masa da zuma, fanke na tururi,
lemun kwalba mai gumi a jiki.
Aka ce, "Haba Nomau, ba ka warke ba?"
Na ce bari in ɗanɗana.
Ɗanɗano ya haifi ɗanɗano.

Daren nan sau huɗu na ɗauki buta,
maƙogwaro kamar rijiyar bazara.
Da safe na'urar ba ta ji kunyata ba.
Zuwaira ta rubuta, ba ta ce komai ba,
biro ne kawai ya huda takarda.

Mai magani ya zo tasha da lasifika,
kwalba jika ɗaya, kwana bakwai ciwon ya mutu.
Na ba shi shayinsa, cokali biyar ya sha,
na karɓi kuɗina, na bar masa kwalbarsa.

Kwalin tsohuwar ƙwayata na nan bisa kabad,
ba mu yi faɗa ba.
In likita ta ce a koma, zan koma
ba tare da sunkuyar da kai ba,
wanda ya koma inuwa bai ci amanar rana ba.

Talata zan kai mata littafin,
har da shafin da ya huje.
Cima ta ce in yage shi, na ce a'a,
mai gadin da ya yi gyangyaɗi
shi ya kamata ya fara faɗa.

Kafin Talata akwai gobe.
Gawayi ya kama, ruwa ya fara magana,
wani ya jingine babur yana hamma.
"Cokali nawa?" in ji ni.
Ya ɗaga yatsu uku.
Na zuba masa, na rufe gwangwani.