Maki Ɗaya Zuwa Biyar

Mai bincike ta zo ajinmu a Idi-Araba,
ruwan Legas na ɗiga daga lemarta.
"Malam Ɗantani, auna mana iya zama da mutane,
kowane yaro, ɗaya zuwa biyar."

Na dubi Tasalla,
wadda ba ta ɗaga hannu ba tun farkon zango.
Saura ƙiris in rubuta ɗaya.

Sai ga Morenike sharkaf,
danfo ya watsa mata taɓo har gwiwa.
Aji ya ɓarke da dariya.
Tasalla ko uffan.
Ta matsa, ta goge benci da gefen hijabinta,
ta raba burodin Agege biyu.

Na bi takardar sama da ƙasa.
Babu gurbin wannan.