Katin Ɗanlami

Hamsatu ta ɗora katina a gwiwa,
ta danna lambobi cikin wayarta:
ɗaya ga Janairu, alif ɗari tara da sittin da uku.
Kafin in zare basilla daga fata
ta ce, "Kaka, sittin da biyu,
kwana dubu ashirin da biyu da 'yan kai.
Ran Talata aka haife ka."

Talata?
To wa ya laƙaba mini Ɗanlami?

Rabin tsofaffin Birni ranar nan muka zo duniya.
Ni da Abarshi mai gyaran agogo,
da Sanda kurma, wanda ya goya ni ina majina.
Akawu ɗaya ya haife mu da alƙalami ɗaya:
ya leƙa haƙora,
ya sa mu kewaya hannu bisa kai mu taɓo kunne,
ya buga hatimi.
Babu ungozomar da ta kai shi sauri.

Wayar ta ci gaba da surutu,
wai ga abin da ya faru a ranar:
taron manya a wata ƙasa,
ƙanƙara a wani birni mai wuyar faɗi.
Na ce ta duba ko akwai labarin jaki.
Babu.

Sai na ja ta Zango, ɗakin Gwaggo Tsahara,
wadda idonta ya tafi, lissafinta ya zauna.
Ba ta ƙirga shekara, damina take ƙirgawa,
ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince wake a faifai.

"Alhamis ce," in ji ta, "gero ya yi bununi.
Ubanka ya kai fatu goma sha ɗaya Kasuwar Dole.
Hadari ya taso ta wajen Mirya,
duwatsu suka yi baƙi wuluk kamar an shafa musu kwalli.
Garin da ake sayen ruwa da dala
ranar nan har kaskon kaji ya ƙoshi.
Muka jera tuluna ƙarƙashin indararo,
uwarka ta sunkuya za ta ɗauki na uku,
ba ta miƙe ba.

Jakin Mati ya zame a lungu, gishiri ya narke a mangala.
Katangar zaure ta faɗi da la'asar.
Ungozoma ta iso da taɓo har ƙwauri,
ta tarar ka riga ta,
kana kuka kana gasa da kwaɗi.
Ubanka ya dawo da fatu tara, jiƙaƙƙu,
biyu kawai ya sayar,
bai san sun zama kuɗin goron suna ba."

Hamsatu ta ce, "To wace shekara?"
Gwaggo ta ce, "Shekarar da katanga ta faɗi."
"Katangar ta faɗi yaushe?"
"Ranar da aka haife shi mana."

Muka yi dariya har tari ya kama ta.

A hanyar gida na gwada nawa lissafin.
In na bi wata, na haura da biyu.
In na bi akawu, Sanda tagwaina ne.
In na bi gwiwoyina, na tasam ma tamanin.
In na bi ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari,
ban wuce bakwai ba, tsirara, ina tsalle a lungu.

Yarinyar ta yi shiru har ƙofar gida.
Ta ce, "Ni tawa tana rubuce, har da ƙarfe nawa."
Na ce, "Haka ne. An rubuta an ɗauke wuta?
An rubuta na soke yatsa da basilla da na ji guɗa?"
Na nuna mata tabon.
Ta ajiye wayar a kan tabarma,
ta kama yatsan tana dubawa.