Akushin Babana

Akushin da na gada wurin babana
baƙi ne wuluk, ya sha man shanu har yana sheƙi,
malmala huɗu yake ɗauka bai taɓa ƙorafi ba.
Shi Baba in ya ci, sai ya saɓi garma,
kafin azahar tuwon ya koma kunyoyi.
Ni kuwa in na ci, bakin injin niƙa nake zama.
Tuwo ya nemi gona bai samu ba,
sai ya kafa gida a cikina.

Ran kasuwar Gujungu, cikin raha,
Tanimu ya ɗora ni a sikelin riɗi.
Ya dubi allura, ya dube ni,
ya ce, “Barau, buhu ne kai, har da gyara.”
Aka yi dariya, ni ma na taya su.
Amma da asuba, wajen alwala,
na sunkuya zan wanke ƙafa
numfashi ya tsaya mini a maƙoshi,
gwiwa ta yi kukan ƙyauren da bai sha mai ba.
A nan ba wanda ya yi dariya.

Malama Zulai ta asibitin sha-ka-tafi
ta naɗa mini abin awo a damtse, ta yi shiru.
Can ta ce, “Ban ce ka zauna da yunwa ba.
Kai da ke niƙa ai ka san inji:
juye masa ƙwarya gaba ɗaya, ya shaƙe.
Zuba kaɗan, ya haɗiye, ka ƙara.
Abin da kake ci sau biyu, rage shi,
sauran ka kasa shi biyar.”

Uwani ta kife akushin a gindin rumbu,
ta ɗauko kwanon da jikanmu ke shan fate.
Na dubi kwanon, kwanon ya dube ni,
ko wanke hannu bai kai a yi dominsa ba.

Koko da safe, ba sukari, ƙosai biyu,
ni da nake sayen na faranti.
Da hantsi gyaɗa, iya abin da tafi ya riƙe.
In rana ta take, dambun zogale,
la’asar ɗan kindirmo ko yalo guda,
dare malmala ɗaya tal,
tana iyo cikin miyar kuka kamar baƙuwa.

Makon farko cikina akuya ce a turke,
kuka take ko an ba ta dusa.
A dandali, wajen ciyayya, suka sa ni gaba:
“Barau ya koma kaza,
tsinci nan, tsinci can.”
Na ce, kun taɓa ganin kaza na haki?

Ba zan ɓoye ba, na zame sau ɗaya.
Ran sunan ɗan Jatau, shinkafa da man ja,
ga tsoka kamar an yi gayya,
na manta Zulai, na manta gwiwa,
na ci har sai da aka kama ni na tashi.
Uwani ba ta ce komai ba.
Gari na wayewa ta ajiye mini ɗan kwanon nan,
ta ɗan ƙara dangwarar da shi.

An ce da yayyafi kogi kan cika.
Ashe in zai janye ma, haka yake janyewa,
ba wanda ya san ranar da ya bar gaɓa.

Yanzu an yanke gero, an ɗaure dammuna.
Ban koma sikelin Tanimu ba,
zariyar wandona ta ishe ni shaida,
ta yi saura har ina soke ta a ƙugu.
Jiya da ƙafa na je fadama na dawo,
ban tsaya gindin tsamiyar nan ba.

Akushin kuwa, wani yaro ya birkice shi,
kazar Uwani ta gani ta ce ta samu ɗaki.
Da safen nan na leƙa:
ƙwai huɗu, Baba,
daidai yawan malmalarka.