Wuƙar Deolinda

Shekara talatin da ɗaya
Deolinda na yankan kifi a Matosinhos,
kai gefe, hanji gefe, shida a gwangwani.
Ba ta ƙirgawa, yatsunta ke ƙirga mata.

Ran Litinin aka shigo da inji,
dogo, yana sheƙi kamar sabon kwano.
Gonçalo, sabon manaja, yaro mai ladabi,
ya hau akwatin gishiri ya ce:
ba wadda za a kora,
bayanku ma zai huta.
Gaskiya ya faɗa. Ba wadda ta tafa.

Ya rubuta a littafinsa: taurin kai.
Ni da nake gefenta tun muna 'yan mata
na san ba shi ba ne.

Da, in sabuwa ta zo, kusa da ita ake ajiye ta.
Ita ke duban idon kifi ta ce kwanan jiya ne,
direba ya yi ta rantse-rantse, ƙarshe ya kwashe abinsa.
Yanzu ga maɓalli kore, ga ja,
ga 'yar Filomena, shekara goma sha tara,
tana nuna mata inda za ta danna,
dalla-dalla, da ƙarfi, kamar mai magana da kurma.

Gwanin iyo, in ka gina masa gada,
ka sauƙaƙa masa hanya,
ka kuma raba shi da abin da ake kiransa dominsa.

Sai kuma teburin.
Mu goma sha biyu, fuska da fuska.
A kansa muka ji rasuwar mijin Graça,
a kansa muka haɗa kuɗin aikin idon Zulmira.
Inji ya jera mu kamar layin asibiti,
kowa na kallon ƙeyar wata, kunne a toshe.
Wannan ba ya cikin takardar da aka raba mana,
kuma ba wanda ya tambaya.

Mako uku ta iya dannawa.
Ciwon kafaɗarta ya lafa,
ta ƙi gaya masa, ni ta raɗa wa a cikin bas.
Wuƙar dai na aljihun rigar aiki, naɗe da tsumma.

Jiya wuta ta ɗauke, minti arba'in,
kifi jibge, rana na yi.
Kafin wani ya buɗe baki
ta wasa wuƙarta a gefen siminti,
muka jawo tsohon teburin daga bayan ƙofa.

Gonçalo ya tsaya yana kallon hannun nan,
littafinsa a rufe.
Da wuta ta dawo, bai ce a tashi ba
sai da kwandon ya ƙare.