Birkin Baya

Driss ne ya sayar mini da shi, a rumfarsa ta ƙarƙashin gada:
baƙin keke, tsoho, an naɗe sirdinsa da salatif.
Ya ce, "Kada ka nemi birki a hannu, babu.
In za ka tsaya, taka feda baya."
Na yi dariya. Ina aka taɓa ji
mai son tsayuwa ya fara da komawa?

Litinin, takwas saura kwata,
Amsterdam ta fashe kamar an tone shuri.
Jar hanya, faɗinta bai fi tabarma ba,
amma duk garin a kanta yake kwarara.
Wata mata, 'ya'ya uku cikin akwatin katako a gabanta,
tana feda tana ɓare wa autan ayaba.
Wani dogo, laima a hagu, waya a dama,
har ya wuce ban ga da me ya riƙe kan kekensa ba.
Ba mai kallon wani,
ba kuma mai gogar wani.
Ni kaɗai ne tsakuwa cikin wannan shinkafa.

Ƙararrawa a ƙeyata, ƙararrawa a kunnen hagu,
yaren da ba a koya mana a ajin yamma:
kaɗawa ɗaya, matsa;
biyu, matsa mana, bawan Allah;
uku kuwa ba ta bukatar tafinta.

A mararraba danja ta yi ja.
Yatsuna suka matse iska.
Suka sake matsewa. Iska dai.
Layin jirgin titi ya cafke tayar gaba
yadda tarko ke kama ƙafar gafiya,
sai ga ni a ƙasa, ga burodi, ga albasa biyar
suna gangarawa bakin ruwa,
wani zalɓe a kan kwale-kwale yana dubana
da idon alƙalin da shari'a ta gundura.

Kogin kekuna ya rabu biyu, ya kewaye ni, ya haɗe.
Tsohuwa ɗaya ce ta sauke ƙafa.
Ta tsinto albasa uku ta cusa mini a aljihun kwat,
ta nuna layin ƙarfen, ta gitta hannunta a kai:
a gicciye ake tsallake shi, ba a jerawa da shi.
"Aaltje," ta ce, ta dafa ƙirji.
Kafin in haɗa sunana da godiya
ambaliyar ta tafi da furfurarta.

Yau wata huɗu ke nan.
Gwiwa ta warke, ta bar tabo kamar taswirar unguwarmu.
Na san iskar da ke laɓe a kan gada ta uku,
na san inda ake tsayawa cikin jirgin fito
don a riga kowa fita.
Jiya, cikin yayyafi, wani saurayi da jaka mai taya
ya tsaya cak a tsakiyar jar hanya, baki sake,
yana kallon gidajen nan da suka jingina da juna
kamar tsofaffi a layin asibiti.
Babban yatsana har ya hau ƙararrawa.

Ban kaɗa ba.
Ƙafata ce, ba ta ko nemi shawarata ba,
ta taka baya.

Daga bayana ƙararrawa suka tashi, uku-uku.
Duk na ji abin da suka ce.