Ashanar Baba Arzika

A Jega, bayan kasuwa, inda hanya ke gangarawa gulbi,
nan rumfar Baba Arzika take:
randa uku, dakalin siminti, igiya tsakanin dalbejiya biyu.
Ina da shekara goma sha huɗu aka kai ni.
Na zaci guga zai miƙo mini,
sai ya miƙo ashana.

Ya ce, "Labbo, kahin ka jiƙa, tambaya.
Darduma ba ta ƙarya gaban wuta."
Ya kifa ta, ya zaro zare ɗaya daga baya,
inda mai ita ba zai lura ba, ya ƙyasta.

Na farko ya narke, ya dunƙule baƙi ƙirin,
da warin leda a juji.
"Wagga ɗiyar kanti ta, roba zalla, ba ta hushi.
Ba ta omo, ba ta burushi, watsa mata ruwa son ranka.
Manja kaɗai take riƙewa, riƙon mai bin bashi."

Na biyu ya ci bal-bal, ya bar toka mai laushi.
Auduga. Shan ruwanta na raƙumi ne,
ƙato biyu ke ɗaga ta in ta ƙoshi,
in ka naɗe ta da laima, fumfuna ce za ta gaishe ka da safe.
Ta rama kuwa, ko yayyafi ba ta so.
Sanda da tsumma, shi ke nan wankanta.

Sai wani zare da wuta ta kama, ta mutu da kanta,
ƙauri ya tashi irin na kan rago ranar layya.
Baba ya rage murya.
"Ulu. Wagga ta taɓa tahiya da ƙahwa huɗu.
Ruwan randa, sabulu ɗan kaɗan, matsin lemun tsami,
ka bi gashin inda ya kwanta, ka shanya ga inuwa.
Kanwa gare ta guba ce."

Na ji, na ce na ji.

Ranar da ya tafi jana'iza Aliero,
tsohuwa Tumba ta zo da 'yar ja a naɗe cikin zane.
Ta marigayi mijinta ce, daga Agadas ya kawo
zamanin yana tuƙin babbar mota.
Jika ya zubar da shayi a gefe, abin ke nan.
Ashana na aljihuna. Sauri na kaina.
Na tafasa ruwa, na jefa kanwa, na dirje.

Ja ya tsallaka cikin fari.
Gashin ya cure kamar na tunkiyar da ruwa ya daka,
gefuna suka tsuke, ta koma kamar ba ita ba.

Baba bai ɗaga hannu ba da ya dawo.
Ya ce, "Kai za ka kai mata."

Ta shimfiɗa ta a tsakar gida, ta auna da taƙi.
Da bakwai ce, yanzu biyar da rabi.
Ta shafa, ta shafa, tana neman wani wuri.
Ta ce, "Akwai ɗan loɓawa, inda goshinsa ke sauka.
Yanzu ban san ina yake ba."
Ta biya ni kuɗina cif. Wannan ya fi bulala.

Yau ina da injin feshi da janareta,
kafet na zuwa a kori-kura daga masallatan Birnin Kebbi,
rumfar ta zama shago, Baba ya daɗe da kwanta dama.
Amma ko jiya, da aka kawo wata mai sheƙi, wai siliki,
sai da hannuna ya yi sanyi.
Sabon yarona, Namata, ya riga ya ɗauko tiyo.
Na ce aje.
Na laluba aljihu.
Tsinke uku suka rage a kwalin.